Darasi: Jinyar da Ke Koya wa Mara Lafiya Kula da Kansa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin Ikara ko na Makarfi ya san farin cikin ranar sallama. Amma sau da yawa ba a cika wata biyu ba sai a komo da mara lafiyan, jikinsa ya fi na da tsanani. Ina dalili?

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Dorothea Orem (1914 zuwa 2007), wadda ta yi karatu a Jami'ar Katolika ta Amurka da ke Washington, ta yi nazarin wannan al'amari. A littafinta na 1971 ta koyar cewa kowane mutum yana da nauyin kula da kansa: ci da sha, tsabta, hutawa da guje wa haɗari. Aikin jinya yana farawa ne a inda ƙarfinsa ya gaza, manufarsa kuwa ita ce a mayar masa da wannan nauyi. Ta kasa aikin kashi uku.

Bari mu ɗauki misalin manomin rake daga Kudan wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.

Na fari, sa'ad da yake kwance bai san inda kansa yake ba, nas da mai jinya su ne hannuwansa. Za a yi masa wanka, a riƙa juya shi bayan kowace awa biyu domin kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Na biyu, da ya farfaɗo sai a raba aikin. A miƙa masa cokali a hannun da ke da lafiya, a bar shi ya ci da kansa ko da kunun zai zube. A nan ne mu dangi muke yawan kuskure, gama tausayi yakan sa mu yi masa kome, har gaɓoɓinsa su sandare.

Na uku, kafin sallama sai koyarwa. Ya san sunan maganinsa da lokacin sha, ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya san ranar komawa awo. Fiye da kome, ya gane cewa ba a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi.

Saboda haka kada mu bar asibiti sai mara lafiya ya maimaita wa nas waɗannan abubuwa da bakinsa. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta:
1. A cikinmu, wa aka sallamo daga asibiti kwanan nan, kuma wa ke tuna masa da ranar awo?
2. Wane aiki muke yi wa mara lafiyarmu wanda zai iya yi da kansa?