Idan Tunani Ya Ƙi Kwanciya: Shawarwari Ga Mutan Gida

Ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kowa a gidan ya yi barci sai kai. Ga kuɗin makarantar yara, ga buhun masara ya kusa kai gindi, ga maganar da wani ya yaɓa maka a wurin ɗaurin aure wata uku da suka wuce, sai yanzu amsar da ta dace da ita ta zo maka. Ka saƙa wannan ka kwance wancan, har ladan ya yi kiran farko. Gyara numfashi, wanda a kansa zan yi magana, ba zai biya maka bashi ba, wannan kam gaskiya ne. Amma wanda ya samu barci ya fi wanda ya kwana ido biyu sanin ta inda zai ɓullo wa mai binsa. Ga abubuwan da na ga suna aiki, kuma babu na saye a cikinsu.

1. Daina kokawa da tunanin. A 1987 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da mutane ya ce su yi minti biyar kada su tuna wata farar dabba, duk sanda ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Gwada da kanka: kada ka tuna farin raƙumi. Ka gani? Saboda haka mai ce maka "ka cire abin a ranka" ƙara maka aiki ya yi. Zuciya kamar akuya take, idan ka bi ta da gudu sai ta zagaye gida da kai, ta ɓarar da tsaki, ta taka shanya. Turke ake kafa mata. Turken a nan shi ne numfashinka. Za ta ja igiya, za ta yi nisa, kai dai ka dawo da ita ba tare da faɗa ba. Idan hankalinka ya tsere sau hamsin a minti biyar ka dawo da shi sau hamsin, ka yi aikin da ake so. Mutane da yawa a nan suke karaya, su ce su ba su iya ba, alhali dawo da shi ɗin shi ne darasin gaba ɗaya.

2. Sauko da numfashin ciki. Kwanta rigingine ko ka zauna ka miƙe baya, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Wanne ya fi motsi? Mai fargaba ƙirjinsa da kafaɗunsa ne ke hawa da sauka. Dubi jariri yana barci, cikinsa ne ke tasowa. Haka ake so, ka shaƙa ta hanci har hannun da ke kan cibiya ya ɗaga. Uwargida ta sassauta ɗaurin zani, maigida ya sassauta tazuge, don ciki a ɗaure ba ya karɓar iska.

3. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Idan abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga rubutun nan, to wannan ne. Shaƙa kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida, leɓe a tsuke kamar mai hura koko mai zafi. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da wannan ƙirgen sai ya sauko wajen sau 6. Dalilin ba wani sihiri ba ne. Akwai doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya ta sauka ƙirji da ciki, ita ce birkin zuciya. Lokacin shaƙa birkin yakan ɗan saki, bugun ya ƙaru, lokacin fitarwa ya kama, bugun ya ragu. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ka saurara, musamman in kana da sauran ƙuruciya, kana iya jin bambancin. Tsawaita fitarwa taka birki ne.

Sai dai a kula. Ba cika huhu fam ake nema ba. Mai zuƙar iska da ƙarfi da sauri yakan fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri ya kama shi, yatsu da leɓe su riƙa tsirawa kamar ana tsikara masa allura, ya ƙara firgita. Da ka ji haka, tsaya, ka bar numfashin ya koma yadda ya saba. Akwai kuma ƙirge-ƙirgen da ke yawo a waya masu cewa a riƙe numfashi na daƙiƙa bakwai. Wasu suna jin daɗinsu, amma ni ban ga dole ba, kuma ba na ba mai ciki ko mai asma ko tsoho shawarar farawa da su.

4. Yi ajiyar zuciya da gangan. Kowace uwa ta san wannan. Yaro ya ci kuka ya ƙoshi, an goya shi, sai ki ji ya ja iska sau biyu a jere, babba da ƙarama, ya sauke ta doguwa, kansa ya yi laƙwas a bayanki. Jikinsa ne ke lallashin kansa. Manya ma suna iya kwaikwayo: shaƙa ta hanci, ƙara ɗan guntun shaƙa a kai, sannan a fitar ta baki a hankali har ta ƙare. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun sa mutane suna yin haka minti biyar kullum na wata guda, suka ga walwalarsu ta ƙaru fiye da ta waɗanda aka sa su zauna suna lura da numfashi kawai. Sau uku ma yakan rage zafi, a cikin cunkoson mota ko a layin asibiti, ba wanda zai san me kake yi.

5. Ba wa carbi haƙƙinsa. Wasu da sun ji ana maganar zama shiru a tattara hankali sai su ja baya, su ce ai ibadar mutanen Indiya ce. Ba a rasa dalili ba. Shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, wanda asibitoci da yawa ke koyi da shi yau, daga koyarwar mabiya Buda ya tsamo dabarunsa, ya cire musu rigar addini. Amma shi numfashi ba mallakar wani ba ne. Kafin Kabat-Zinn, wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya fitar da littafi a 1975 yana bayanin abubuwan da ke saukar da bugun zuciya da numfashi, daga ciki akwai: maimaita kalma ko addu'a, da kuma ƙyale tunanin da ya kutso a koma kan maimaitawar. Wanda ya tashi ya ga kakansa a kan buzu bayan sallar asuba, ido a lumshe, carbi na zamewa ɗaya bayan ɗaya, ya san ba sabon abu aka gano ba. Matsalar tamu ita ce gaggawa. Tasbihi 33 a numfashi biyu, hannun dama na jan carbi na hagu na shafa waya. Gwada ɗaura kowace kalma a kan fitar numfashi ɗaya ka ga yadda zaman zai sauya. Haka nutsuwa a ruku'u da sujada, wadda malamai ke ta nanatawa. Kirista ma yana da gajeriyar addu'ar da zai riƙe ya yi haka da ita. Ibada dai don Allah ake yin ta, nutsuwar jiki riba ce da ke biyo baya.

6. Koya tun kafin buƙata ta taso. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ranar tashin hankali ba a koyon numfashi. Minti biyar kullum a lokaci ɗaya ya fi awa guda ranar Juma'a. Matar da za ta ce ina ta ga minti biyar, tana da su: lokacin da ta aza ruwan tuwo tana jiran ya tafasa. Ko tsintar wake. Ji sanyin ƙwayar a yatsa, ji ƙarar tsakuwa idan ta faɗa faranti, idan tunanin rigimar dangin miji ya zo ki dawo kan tire. Namiji kuma yana da tafiyar masallaci, taku huɗu shaƙa, taku shida fitarwa, waya a gida.

7. Ajiye biro da takarda a gefen katifa. Yawancin abin da ke hana barci tsoron mantuwa ne, ƙwaƙwalwa na ta bita kada gobe a manta. A wani gwaji na Jami'ar Baylor a 2018, waɗanda suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kusan minti tara. Rubuta dalla-dalla, da boko ko da ajami: "kiran mai gyaran famfo ƙarfe tara", ba "gyaran gida" ba.

8. Dubi abin da ka ci da yamma. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba masu ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafin, kuma bayan wajen awa biyar rabinsa na nan a jini. Ka zauna majalisa bayan isha'i ka sha ataya zagaye uku, sannan ka ce tunani ne ya hana ka barci?

9. Koya wa yara, kuma a yi amfani da shi lokacin fushi. Yaro ba ya gane "ka nutsu". Kwantar da shi ka ɗora masa murfin kwano a ciki, ka ce ya ɗaga shi ya sauke da numfashi kada ya faɗi. Wasa ne a wurinsa. Kai kuma babba, kafin ka ɗaga hannu ko ki saki baki, an koyar da mu cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya kuma yi alwala. Ruwan sanyi a fuska da kansa yana rage bugun zuciya. Ƙara ajiyar zuciya uku a kai, maganar da za ta fito ba za ta zama wadda za a yi wata ana biko a kanta ba.

10. San inda numfashi ya tsaya likita ya karɓa. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, ba na zama a ƙirga ba ne, asibiti ake nufa nan take. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa don ya ji sauƙi. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna sa zuciya dukan uku-uku, gwaji ne ke nuna su. Haka idan baƙin ciki ko fargaba sun wuce mako biyu, abinci ya fita a rai, aiki ya gagara, ko mai jego ta riƙa kuka ba dalili, ko mutum ya fara cewa gara mutuwa. Wasu kuma, musamman waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu, rufe ido a zauna shiru ƙara taso musu da abin yake yi. Su bar ido a buɗe, su nemi ƙwararre. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma ba sai mutum ya tuɓe a kasuwa ake zuwa ba. Don Allah a daina ce wa irin waɗannan bayin Allah ba su da tawakkali. Idan kun ga alamun nan ga wani a gidanku, ku raka shi da ƙafarku, kada ku ce ya je shi kaɗai.