Jiki a cike, ƙarfi babu: kula da tsoho mai ƙiba da ke jinya

A ɗakunan jinya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, da Asibitin Ƙwararru na Jimeta, masu dubiya kan kalli tsohuwa mai jiki su ce, "Alhamdu lillahi, Dada ba ta rame ba." Alhali ita ko buta ba ta iya ɗagawa, kuma sai mutum biyu sun kama ta kafin ta tashi daga gado. Kitse na nan, amma tsokar da ke ƙarƙashinsa ta zube.

Tun daga shekara 30 tsoka ke fara raguwa, da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, ta ƙara sauri bayan 60. Doguwar kwanciya ce ke ƙarasa ta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu lafiya da suka kwanta kwana 10 sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. To ina ga mai ciwon suga, ko daji, ko shanyewar ɓarin jiki? Daga nan sai faɗuwa, da gyambon kwanciya, da kasa tarin da zai fitar da majina daga ƙirji.

Ma'aunin nauyi ba ya tona wannan matsala, amma kujera tana yi. Idan likita ya yarda, tsoho ya rungume hannuwa a ƙirji, ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa, a sanar da likita.

Kuskure biyu ne ke yawan faruwa a gidaje. Wasu kan rage wa tsoho abinci don ya rage ƙiba, sai tsoka ta riga kitse tafiya. Wasu kuma su cika shi da shayi da burodi da lemon kwalba. Abin da jikinsa ke nema furotin ne: masana na ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyin tsoho marar lafiya a kullum, a raba shi safe, rana da dare. Ga mai ƙiba sosai, masanin abinci ne zai daidaita lissafin. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Kifin Binuwai da aka cire wa ƙaya, kindirmo tafasasshe ba suga, alale, awara da dakakken nama duk suna samuwa a kasuwar Jimeta. Kunun gyaɗa ma a dama shi da madara, a rage zaƙi. Mai ciwon ƙoda kuwa kada a ƙara masa furotin sai da izinin likita.

Abinci kaɗai bai isa ba, sai da motsi. A nemi ma'aikatan gashin ƙashi su koya wa mai jinya yadda zai zaunar da tsohon a bakin gado, ya miƙe ƙafa, ya ɗaga gorar ruwa, sannan ya taka zuwa bakin ƙofa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Yola kan haura digiri 40, a yi wannan bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, a dakata da zarar ya ji jiri, haki ko ciwon ƙirji.