Zaɓen Irin Rubutu Domin Allon Masallaci da na Makaranta

Duk wanda ya bi hanyar Ƙaura Namoda zuwa Zurmi ko Shinkafi zai ga rubutun Larabci iri-iri a ƙofofin masallatai, da allunan makarantun Islamiyya, da goshin manyan motoci. A da mai fenti ne ke zana shi da hannu. Yanzu kuwa kwamfuta ce ke jera wa mutum salo barkatai, ya nuna wanda ya ƙayatar da shi, bai tambaya ba ko waɗanda aka yi dominsu za su iya karantawa.

Kowane salo da wurinsa. Kufi, watau mai kusurwa, shi ne wanda aka zana a cikin Ƙubbatus Sahra ta birnin Ƙudus a shekara ta 72 bayan Hijira, yana da kwarjini amma yana da wuyar karatu. Sulusi shi ne a kan tufar Ka'aba, haruffansa suna hawan juna, don haka ya fi dacewa da gajeren lafazin da kowa ya haddace. Nasahi kuwa na bugun littattafai ne. Waziri Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940, shi ya shahara da auna haruffa da ɗigon alƙalami.

Amma fa duk waɗannan na Gabas ne. Mutumin Sakajiki da ya yi karatun allo, da rubutun Warshu ya buɗe ido, wanda asalinsa daga Magrib ne. A wannan rubutu ɗigon fa'un a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a bisa. A na Gabas kuwa, mai ɗigo ɗaya a bisa shi ne fa'un. Ke nan idan aka rubuta "Falaƙ" da salon Gabas, dattijon da bai saba ba yana iya karanta "ƙalaƙ", ketowar alfijir ta koma damuwa. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a sunan sura. Uzurin cewa kwamfuta ba ta san rubutun ƙasar nan ba shi ma ya faɗi, domin tun 2017 aka fitar da wani salo mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano.

Har wa yau akwai maganar wurin da za a sa rubutun. Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya karhanta rubuta ayoyi a alƙiblar masallaci, saboda suna ɗauke hankalin masu salla. To, balle rubutun da aka murɗa har sai an tsaya ana warwararsa. Allon suna da na lokutan salla a waje ba su shiga wannan ba, sai dai kafin a biya mai bugu, lalle ne a kai samfurin wurin wani alaramma ya bi shi harafi harafi, a kuma ɗaga shi daga nesa a ga ko ɗigogin sun fito.