Yadda Majina Ke Toshe Huhun Mai Asma

Bututun da iska ke bi zuwa cikin huhu a shafe suke da siririyar majina. Kusan kashi 97 cikin ɗari na wannan majina ruwa ne, ragowar kuma gishiri ne da wasu dogayen furotin masu yauƙi da ake kira miyusin. Ƙura da ƙwayoyin cuta suna manne mata, sai wasu ƙananan gasu da ke jikin bututun su riƙa kaɗa ta sama har maƙogwaro, mutum ya haɗiye bai sani ba. Miyusin biyu ne suka shafe mu: MUC5B, wanda ya fi yawa a huhu mai lafiya, da MUC5AC, wanda ke ƙaruwa idan an tsokani huhu.

Yanzu a ce mai asma ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so, kamar ƙurar hunturu ko hayaƙin itace. Ƙwayoyin garkuwar jikinsa sai su saki wani sinadarin aika saƙo mai suna IL-13. Wannan yakan sauka a kan wata mazauna tasa da ke jikin ƙwayoyin bangon bututun. Daga nan wani furotin na ciki, STAT6, ya ɗauki saƙon ya kai shi cibiyar ƙwayar, inda umarnin gado yake. A can ake kunna wani furotin mai suna SPDEF, shi kuma ya sa a yi ta ƙera MUC5AC.

A lura da kyau, domin nan ne gaɓar darasin. Ƙwayoyin da a da ba su tara majina ba suna rikiɗa su zama masu zubar da ita, masu gashin kuma su ragu. Ita majinar ma ta sauya hali. MUC5AC yakan maƙale wa bangon, gasun su kasa ture shi. Sannan wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, suna fitar da sinadarin da ke ɗaure zaren miyusin da juna, har abin da yake kamar kunu ya yi tauri kamar tuwo. Haka ƙananan bututu ke toshewa.

Shi ya sa maganin shaƙa irin salbutamol, mai sassauta tsokar bututu, ba ya isa shi kaɗai. Yana buɗe hanya, amma ba ya taɓa saƙon da ke haifar da majinar. Maganin shaƙa mai sitiroyid shi ke kwantar da kumburin bututun, in ana amfani da shi yadda likita ya tsara. Ga masu asma mai tsanani kuma akwai allurar dupilumab, wadda ke toshe mazaunar da IL-13 ke sauka.