Ƙarfen Gaban Mota: Abin Da Ya Kamata Mai Hilux Ya Sani Kafin Ya Ɗaura

Duk wanda ya saba fita daga Kaduna da asuba ta Kawo ya nufi Zariya, ko ya bi ta Mando ya kama hanyar Birnin Gwari, ya san yadda abin yake. Kana tafe hanya fayau, sai kawai ka ga garken shanu ya ɓullo daga daji yana tsallaka titi, ko akuya ta zabura daga bayan wata motar da ke tsaye a Rigachikun. Shi ya sa masu a-kori-kura da yawa, musamman masu Hilux, da zarar mota ta shigo hannu abin da suke fara tunani shi ne ɗaura mata ƙarfe a gaba. A darasinmu na yau za mu duba wannan ƙarfen: me yake iya karewa, me ba ya iyawa, kuma yaya ake gane mai kyau.

Idan ka shiga intanet neman bayani, za ka tarar ana tallarsa da sunan bull bar ko grille guard, kuma yawancin rubuce-rubucen daga Amurka ko Ostireliya suke. A Amurka barewa ce damuwarsu, domin a kowace shekara motoci fiye da miliyan ɗaya ke karo da ita. A Ostireliya kangaru ne, kuma can ne sana'ar ƙera wannan ƙarfe ta fi bunƙasa. Kamfanin ARB, wanda ake yawan ganin sunansa a jikin irin waɗannan kaya, a birnin Melbourne aka kafa shi a 1975. Bayanansu na da amfani, amma da dabbobinsu suka yi awo. Mu a nan akuya ce da tunkiya da jaki da saniya, wani lokaci har raƙumi idan ka nausa arewa.

Mu fara da lissafi

Hilux mai ƙofa huɗu nauyinta ya kai kimanin kilo 2,000. Jar akuyar nan tamu ba ta cika wuce kilo 30 ba. Bijimin Bunaji da ya ƙoshi kuwa yakan kai kilo 400, har ya wuce. A ce kana gudun kilomita 80 a awa. Idan ka bugi akuya, gudun motar zai ragu da abin da bai fi kilomita ɗaya da ɗoriya ba, wataƙila ƙarar kawai za ka ji. Idan bijimi ne, a cikin ƙiftawar ido motar za ta rasa kusan kilomita 13 na gudunta, kuma ƙarfin bugun da gaban motar zai sha ya ninka na akuyar fiye da sau goma.

Ga kuma batun tsayi. Akuya a daidai bamba take, don haka ƙarfen ne zai tare ta. Saniya kuwa ƙafafunta ne a daidai bamba, gangar jikin tana sama. Mota na kwashe ƙafafun sai nauyin ya faɗo kan bonet, wani lokaci ya zarce gilashin gaba. Na raƙumi ya fi muni, domin shi kusan a kan rufin mota yake sauka. Babu wani bututun ƙarfe da za a ɗaura wa a-kori-kura da zai hana wannan. Duk mai sayarwar da ya ce maka ƙarfensa "ko sa ka buga ba abin da zai same ka", ciniki yake nema.

To, mene ne amfaninsa ke nan? Amfaninsa shi ne kare abin da ke bayan ragar gaban mota. A nan lagireto yake, da na'urar sanyaya iskar AC, da fanka, sannan a motocin dizal masu tabo akwai wata na'urar da ke sanyaya iskar da ke shiga inji. Dukkansu siraran alminiyam ne da roba. Rago guda ya isa ya huda lagireto, ruwa ya tsiyaye, cikin 'yan mintuna inji ya ɗau zafi, dole ka tsaya. Tsayawa a Unguwar Rimi ɓacin rai ne kawai da kuɗin gyara. Tsayawa da magariba tsakanin Buruku da Birnin Gwari kuwa, kowa ya san abin da hanyar nan ta gani a shekarun baya, ba sai an faɗa ba. A ganina wannan ita ce babbar hujjar ɗaura ƙarfen: ya sa motar ta iya kai ka gari na gaba da ƙafarta bayan ka bugi ƙaramar dabba.

Ire-irensa

Akwai ɗan ƙarami mai siffar baka da ake ɗaurawa a tsakiya, galibi mai ƙyalli. Wannan ado ne da wurin rataya fitila, kada ka sa rai da shi fiye da haka. Akwai mai faɗi wanda ake ɗorawa a gaban bambar asali, ya rufe raga ya zagaye fitilu. Sai kuma cikakke, wanda ake cire bambar mota gaba ɗaya a maye gurbinta da shi. Na ƙarshen ya fi ƙarfi, ya fi tsada, ya fi nauyi. Na baƙin ƙarfe yakan wuce kilo 50 cikin sauƙi.

Nauyin nan ba ƙaramin abu ba ne. Tamkar ka ɗaure buhun siminti ne a can gaban tayoyin gaba, dare da rana. Gaban mota zai ɗan sunkuya, hasken fitila ya sauka ƙasa, sifirin da shokozoba su riƙa shan wahala a ramuka, mai ma ya ɗan ƙara tafiya. Alminiyam ya fi sauƙi, domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa. Sai dai ana ƙara masa kauri kafin ya yi ƙarfi, kuma idan ya tsage ba kowane mai walda ke da injin ɗinke shi ba. Baƙin ƙarfe kuwa ko a ƙauye za a gyara maka. Ga wanda ke yawan shiga daji, ni baƙin ƙarfe zan zaɓa, in kuma sa bakanike ya duba sifirin gaba.

Inda aka ɗaure shi ya fi kaurinsa muhimmanci

Nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure. Mutum zai tsaya yana ƙwanƙwasa bututu yana jin daɗin kaurinsa, bai taɓa sunkuyawa ya leƙa ƙasa ba. Na taɓa ganin wata Hilux da aka jawo gareji bayan ta bugi rago. Ƙarfen gabanta ko lanƙwasa bai yi ba, amma wanda ya ɗaura shi a jikin siririn ƙarfen da ke riƙe da bamba ya ɗaure, da notuna biyu kacal a ƙasa. Da aka yi karon, sai ƙarfen ya kifa baya kamar ƙyauren ƙofa, ya murƙushe bonet, ya fasa fitilu biyu, ya shige cikin lagireto. Da babu shi ma, wataƙila raga da bamba kawai za a canja.

Ƙarfen kirki a jikin shasi yake zama, wato manyan ƙarafan nan biyu da suka taso daga gaban mota har baya. Ka tabbatar kowane ɓangare yana da faranti mai kauri, kamar milimita 5 ko 6, da notuna da dama a jere sama da ƙasa, ba a layi ɗaya ba, domin tazarar da ke tsakaninsu ce ke hana shi kifawa. Ka duba kan kowane noti: masu ƙarfi suna ɗauke da lamba 8.8 ko 10.9. Wanda babu lamba a kansa, na ƙofar gida ne, ba na mota ba. Kuma a bar tazara tsakanin ƙarfen da jikin mota, saboda a a-kori-kura jiki yana zaune ne a kan robobi, yana motsi daban da shasi. Idan suka matsu, kullum za ka riƙa jin ƙara, fenti kuma ya goge.

Kada ka yarda a yi walda kai tsaye a jikin shasi, kada kuma a huda masa sababbin ramuka barkatai. Zafin walda na raunana ƙarfen a wurin, kuma daga nan tsagewa ke farawa bayan shekara ɗaya ko biyu a hanya mai gargada. Shasin yana da ramukansa na asali, da su ake aiki. Idan ma akwai waldar da za a yi kusa da mota, a cire kan batir tukuna, don kare kwamfutar inji.

Jakar iska da sauran na'urori

Tsohuwar Hilux ta shekarun 1990 ƙarfe ce zalla, abin da ka ɗaura mata ta karɓa. Sababbin ba haka suke ba. An ƙera gabansu ne don ya lotse da gangan, ya shanye bugu kafin ya iso ga mutanen ciki. Jakar iska kuma tana fashewa ne bisa umarnin na'urorin da ke auna yadda gudun mota ya yanke farat ɗaya. Idan ka ɗaura ƙarfe mai tauri wanda ba ya lotsewa, ka canja yadda bugun ke isa ga na'urorin. Jakar na iya fashewa a ƙaramin karon da bai kai ba, ko ta fito a lokacin da bai dace ba a babban karo. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ƙera wa kowane samfurin mota nasa ƙarfen, da maɗauri mai lanƙwasa da aka tsara ya lotse, su kuma gwada shi. Idan za ka sayi na waje, ka tambayi na wace mota ce da wace shekara, ka nemi shaidar ya dace da jakar iska. Wanda aka ce "yana shiga kowace mota" ba a gwada shi a kan taka ba.

Wasu sababbin motocin kuma suna da na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambarin kamfani, da ƙananan na'urorin fakin a jikin bamba, da kyamara. Bututu ɗaya da ya gitta gabansu ya isa ya sa mota ta riƙa kuka ba dalili, ko birkin gaggawa ya daina aiki. Haka ma iska: watan Maris da Afrilu a Kaduna zafi yakan doshi digiri 40, don haka farantin da aka toshe gaban lagireto da shi don ado zai dafa maka inji a cunkoson Kawo. Fitilu, sigina da lambar mota su ma dole su fito sarai.

Na Panteka fa?

Wanda ya san Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, ya san akwai hannu a wurin. Mutanen da ke ƙera injin niƙa da injin casa ba za su gagara lanƙwasa bututu ba, kuma kuɗin ba ya kama ƙafar na shigo da kaya daga waje. Ga tsohuwar mota marar jakar iska, wadda aikinta jigilar masara daga Saminaka ko kai taki gona, aikin gida ya wadatar, muddin ka tsaya a kai. Ka nemi bututu mai kaurin bango kamar milimita 3, ba bututun ruwa ba. A lanƙwasa shi da inji, kada a yanka a haɗa a kusurwa. A toshe bakunan bututun don kada ruwan damina ya kwanta ciki, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin baƙi. Kada a bar kaifi ko ƙugiya ko wani tsini da ya leƙo gaba, kuma saman ƙarfen ya bi siffar mota ya ɗan kwanta baya, kada ya rinjayo gaba. Ga sabuwar mota mai jakar iska kuwa, gaskiya ita ce babu mai waldar da ke da wurin gwada karo, komai gwanintarsa. A nan ko dai ka sayi wanda aka gwada, ko ka bar motar yadda kamfani ya yi ta.

Idan a cikin gari kake yawo

Akwai wani ɓangaren da masu talla ba sa so a taɓo. Abin da ke kare lagireto daga akuya, shi ne ke karya ƙashin mutum. Bambar roba tana lotsewa, bonet ma yana lotsewa. Bututun ƙarfe ba ya yi, kuma a babbar mota yana daidai ƙirji ko kan yaro ne. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 da ta hana sayar da irin masu taurin nan sai wanda ya ci gwajin kare mai tafiya a ƙasa, Indiya kuma ta umarci a cire su daga motoci a ƙarshen 2017. Ka tuna yadda titin Ahmadu Bello yake da yamma, ko bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi: 'yan makaranta, masu talla, Keke Napep, masu tura baro. Idan zirga-zirgarka daga Malali zuwa ofis ce, sai ɗaurin aure a Zariya jefi-jefi, ba ka bukatarsa, kuma haɗarin da zai jawo wa wasu ya fi amfanin da zai yi maka. Wanda ya yanke shawarar ɗaurawa kuma, ya leƙa ofishin FRSC ko KASTLEA ya ji ta bakinsu kafin ya kashe kuɗi, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa.

Sannan akwai wata ɗabi'a da ke zuwa da ƙarfen: direba ya ga gabansa a rufe, sai ƙafa ta ƙara nauyi a kan totur. A gudun 100, mota na cin mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai birki, motar ta tsaya, an ci kusan mita 90 a busasshiyar kwalta, alhali ƙaramar fitila ba ta cika haska fiye da mita 50 ba. A gudun 60, kimanin mita 45 sun isa. Lokutan da suka fi haɗari su ne asuba da magariba, lokacin fita kiwo da dawowa, da kwanakin hazon hunturu, da kuma farkon damina da bayan girbi, sa'ad da makiyaya ke ƙaura da garkuna. Idan ka ga saniya ɗaya ta tsallaka, ka ɗauka akwai goma a bayanta. Ka taka birki sosai motar na miƙe, kada ka fizgi sitiyari don kauce wa akuya. A-kori-kura doguwa ce, ba ta da wuyar kifewa.

Bayan an ɗaura, ka koma wurin bakanike idan ka yi tafiyar kamar kilomita 500 a sake ɗaure notunan, domin sukan saki a farkon amfani. A gyara saitin fitilu tunda gaba ya sauka, ka kuma sa ido a kan allurar zafin inji a tafiyarka ta farko da rana tsaka.