Tsiron Gida a Akwatin Kifi: Wanne Zai Amfana, Wanne Zai Kashe?

Wudil gari ne na masunta, saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya samo 'ya'yan karfasa daga kogi ya zuba a akwatin gilashi, sa'annan ya yi sha'awar ƙawata shi da tsire-tsiren da ake ajiyewa a gida. Yin haka yana da amfani, amma sai an san ƙa'idarsa.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna juya amoniyar zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret. Shi kuwa naitiret taki ne ga tsiro, don haka saiwa takan tsotse shi, ruwa ya daɗe bai gurɓace ba. Tun a 1850 wani masani a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiro suna iya rayuwa tare cikin gilashi, kowa na amfanar ɗan'uwansa.

Ƙa'ida ta farko ita ce, saiwa a ruwa, ganye a sama. Ganyen tsiron tudu idan ya nutse ruɓewa yake yi, ruɓar kuma tana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Reshen dankali shi ne mafi sauƙi: a tsoma gindinsa, cikin 'yan kwanaki zai yi saiwa.

Ta biyu, a nisanci duk tsiro mai farin ƙaro kamar nono. Kariya, wadda ake shukawa saboda kyan furenta, an daɗe ana kashe kifi da ita a ƙasashen Afirka, kamar yadda ake yi da magimfa. Haka nan tunfafiya da tinya. Dangin gwaza kuwa, irin su fotos mai yaɗo, ganyensu yana da sinadarin nan mai sa ƙaiƙayi, saboda haka kada a bari karfasa ta kai gare shi, domin ita mai cin ganye ce.

Ta uku, a wanke ƙasar saiwa sarai, kuma tsiron da aka yi wa feshin maganin ƙwari kada ya kusanci ruwan.

Daga ƙarshe, mai karatu ya tuna tsiro mataimaki ne kawai. A riƙa sauya rubu'in ruwan kowane mako. Idan aka ga kifi ya taso sama yana haki, a cire sabon tsiron nan take, a sauya ruwa.