Koyon Zayyana a Bakin Aiki: Darasi Daga Karkarar Alabama

Gabatarwa

Duk abin da hannun ɗan'adam ya ƙera, tun daga cokali har zuwa gadar da motoci ke bi, sai da wani ya zauna ya yi tunanin siffarsa da girmansa, da abin da za a yi shi da shi, da kuma kuɗin da zai ci. Wannan tunani da tsarawa shi ake kira zayyana. A jami'o'i akan koyar da zayyanar gine-gine, da ta tufafi, da ta tukwane da tangaran, da ta sauran kayan masana'antu. Sai dai akwai wata matsala da ta daɗe tana damun malaman wannan fanni a ko'ina: ɗalibi yakan shekara huɗu ko biyar yana zana gidaje a takarda, ya ci jarrabawa, ya karɓi digiri, alhali bai taɓa jin kukan wanda zai kwana a cikin abin da ya zana ba, bai kuma san farashin buhun siminti ba.

A wannan maƙala za mu duba yadda wata jami'a a ƙasar Amurka ta tunkari wannan matsala, ta hanyar haɗa ɗalibanta da mutanen karkara a gefe guda, da kamfanoni a ɗaya gefen. Za mu ga abin da suka gina, da kimiyyar da ke cikin ginin, da cikas ɗin da aka ci karo da shi, sa'annan mu ɗebi abin da zai amfani ɗalibi da malamin sakandare.

Asalin Shirin

A shekarar 1993 wasu malamai biyu na sashen zayyanar gine-gine na Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama, wato Samuel Mockbee da D. K. Ruth, suka kwashi wasu ɗalibansu suka nufi gundumar Hale, mai nisan fiye da kilomita 200 daga harabar jami'ar. Wannan yanki ne mai baƙar ƙasa, inda a da aka yi noman auduga da ƙarfin bayi, kuma har bayan 'yanta bayi talauci bai bar wurin ba. A lokacin akwai iyalai da yawa da ke zaune a gidajen katako masu yoyo, wasu ma babu famfo balle makewayi na zamani. Shirin da malaman suka kafa ana kiransa Rural Studio, ma'ana ɗakin zane na karkara, kuma mazauninsa yana wani ƙaramin gari mai suna Newbern, wanda jama'arsa ba su kai mutum 200 ba.

Ƙa'idar shirin ita ce, ɗalibi zai tare a karkarar, ya san mutanen, ya zana abin da suke bukata, sa'annan ya gina shi da hannunsa. 'Yan shekara ta uku sukan yi zango guda suna aikin gidan wani mabukaci. 'Yan shekara ta biyar kuwa sukan kasu ƙungiya-ƙungiya ta mutum uku ko huɗu, kowace ta ɗauki aiki guda tun daga zane har zuwa sa makulli, kuma sau da yawa sukan ci gaba da zama bayan sun gama digiri don su ƙarasa abin da suka fara.

Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Gida na farko an kammala shi a 1994 a wani ƙauye mai suna Mason's Bend, domin wani dattijo da matarsa da ke riƙon jikokinsu. Kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, ɗaliban sun zauna da iyalin sun ga yadda suke tafiyar da yininsu. Sun lura cewa mafi yawan zaman gidan a waje ake yinsa saboda zafi, don haka suka yi wa sabon gidan baranda mai faɗi. Sun ware wa yaran wuraren kwana. Da yake dattijon masunci ne, an gina masa ɗan ɗakin ƙyafe kifi a gefe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da littafi zai gaya wa ɗalibi. A bakin masu gida ake jinsu.

Bangon gidan kuwa da dammunan ciyawa aka yi shi, irin waɗanda inji ke matsewa su zama kamar manyan tubala, aka rufe su da ragar waya, aka yaɓe. A nan akwai darasin kimiyya. Zafi yana ratsa ƙarfe da sauri, yana ratsa siminti a hankali, amma iskar da aka tsare wuri ɗaya ba ta isar da zafi sai kaɗan. Damin ciyawa cike yake da ƙananan kogunan iska a cikin kowane kara da kuma tsakanin kara da kara, saboda haka yakan hana zafin bazara shiga ɗaki, ya hana ɗumin ɗaki fita a lokacin sanyi. Babban abokin gabar irin wannan bango shi ne laima, domin ciyawa in ta jiƙe sai ta ruɓe. Shi ya sa duk mai gini da ita dole ya ɗaga ta daga ƙasa a kan harsashi, ya kuma zarto da bakin rufi yadda ruwan sama ba zai daki bangon ba.

A 1995 wasu ɗaliban suka gina ɗan ɗakin ibada da ɗaruruwan tsofaffin tayoyin mota, waɗanda suka ɗura wa ƙasa suka daddaɓe, suka jera su kamar tubali, suka yaɓe. A 2000 aka gina zauren taron jama'a a Mason's Bend da bangon ƙasa daɓaɓɓiya, aka kuma rufe wani sashe nasa da gilasan tsofaffin motoci kimanin 80. Aikin bangon ƙasa mai kauri ya bambanta da na ciyawa: ƙasa tana shan zafin rana a hankali ta riƙe shi, sai dare ya yi ta sake shi. Wannan ilimi ne da maginan gargajiya na Kano da Zariya suka daɗe da sani, domin shi ne dalilin da ya sa soron ƙasa ke da sanyi da tsakar rana.

Hannun Masana'antu

Ɗalibai da mutanen ƙauye kaɗai ba za su iya ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gini yana son kaya da kuɗi, kuma a nan ne kamfanoni suka shigo. Misali mafi shahara shi ne gidan da aka kammala a 2002, wanda aka yi bangonsa da yankakkun kafet masu kusurwa huɗu guda 72,000. Kamfanin Interface, mai yin kafet ɗin ofisoshi, shi ya bayar da su daga cikin tsofaffin da aka riga aka yi amfani da su. Ɗaliban suka jera su ɗaya bisa ɗaya, suka matse su har suka zama bango mai ƙarfi.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa kowane ɓangare ya ci riba. Kamfani ya rabu da tarin kayan da za su zame masa shara, ya kuma ga wata sabuwar hanyar amfani da su. Iyalin sun sami muhalli. Ɗalibai kuma sun koyi abin da ba a koyarwa a aji: rubuta wa kamfani takardar neman taimako, gwada ƙarfin abu kafin a dogara da shi, da tsara jigilar kaya. Haɗin gwiwar da ɓangare ɗaya kawai ke amfana da shi bai cika daɗewa ba.

Mockbee ya rasu a ƙarshen 2001 bayan fama da kansar jini, Andrew Freear, ɗan ƙasar Ingila, ya gaje shi. A ƙarƙashinsa aka ƙara mai da hankali ga gine-ginen al'umma. Alal misali, garin Newbern ba shi da tashar kashe gobara, wanda hakan ya sa gida kan ƙone ƙurmus kafin agaji ya iso daga nesa, kamfanonin inshora kuma suna tsawwala wa mazauna kuɗi saboda wannan haɗari. Ɗalibai suka yi aiki tare da hukumar garin da 'yan sa-kai suka gina tashar. Daga baya suka gina wa garin zauren majalisa, suka kuma mayar da wani tsohon ginin banki ɗakin karatu.

Gidan Dala 20,000 da Darasin da Ya Koyar

Gidan kafet yana da ban sha'awa, amma guda ɗaya ne, kuma ba kowane magini zai sami kyautar kafet 72,000 ba. Wannan ya sa a 2005 shirin ya sa wa kansa wata tambaya mai wuya: shin za a iya zana gida mai kyau da ƙarko wanda kowane ɗan kwangila zai gina da kayan da ake sayarwa a kasuwa, a kan dala 20,000? An zaɓi wannan adadi ne domin shi ne kimanin bashin da mai rayuwa da ɗan fanshon gwamnati zai iya biya wata-wata. An ƙiyasta dala 12,000 na kaya, 8,000 kuma ladan aiki.

Kusan kowace shekara ɗalibai kan gina sabon samfuri, su ba wani mabukaci, sa'annan na bayansu su koma su duba yadda gidan yake bayan an zauna a cikinsa, su gyara a samfuri na gaba. Wannan ita ce hanyar kimiyya ta gwaji da lura da sake gwaji. Gidajen ƙanana ne, mafi yawansu an ɗaga su a kan ginshiƙai don gudun laima, an ɗaga silin don iska mai zafi ta hau sama, an kuma sa tagogi suna fuskantar juna don iska ta ratsa.

A ƙarshe dai gwajin ya nuna cewa adadin 20,000 ba zai tsaya ba, domin farashin kaya da ladan ma'aikata sun yi ta hawa. Ya kuma nuna wani abu da ya fi wannan muhimmanci: arhar gini daban, arhar zama a gida daban. Gidan da aka gina da araha amma yake cin kuɗin lantarki da gyara kowane wata, nauyi ne a kan talaka. Saboda haka aka koma lissafin dukan abin da mai gida zai kashe a wata, wato biyan bashi da wuta da inshora da gyara. Wani lokaci ƙara kuɗi kaɗan wajen gini yakan rage wannan jimla. A kan wannan fahimta aka kafa wani reshe mai suna Front Porch Initiative, wanda ke ba ƙungiyoyin samar da gidaje, irin su rassan Habitat for Humanity, zanen gidajen da shawarwarin fasaha domin su gina a yankunansu.

Hattara

Akwai tambayar da dole duk mai son kwaikwayon wannan tsari ya amsa: shin daidai ne ɗalibi ya koyi aiki a kan gidan talaka? In ɗan koyo ya yi kuskure rufi ya yi yoyo, shi ya karɓi digirinsa ya tafi, wa zai gyara? Abin da ya kare shirin Newbern daga wannan zargi shi ne zama wuri ɗaya fiye da shekara 30, inda ya kammala ayyuka sama da 200. Malaman maƙwabtan mutanen ne, ana haɗuwa da su a hanya da kanti, kuma duk aibin da ya fito a gini yana gaban idonsu. Har ila yau, ƙwararrun injiniyoyi kan duba zanen ɗalibai kafin a fara aiki. Jami'ar da za ta shiga ƙauye ta yi aikin wata uku ta ɗauki hotuna ta fice, ba haɗin gwiwa ta yi ba.

Abin da Ya Shafe Mu

A nan gida, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen zayyanar gine-gine, da kuma sashen zayyanar kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin tangaran da yadi da zane-zanen ɗab'i. Akwai kuma shirin SIWES, wanda Asusun Horon Masana'antu ya fara a 1973, mai tura ɗalibai kamfanoni su yi watanni suna koyon aiki. Wato dai ƙafar masana'antu tana nan. Abin da misalin Alabama ya ƙara shi ne zama da mai bukata tun daga farkon zane, da komawa a ga sakamako bayan shekaru.

Kammalawa

Mun ga cewa koyar da zayyana kamar girki ne a murhu mai duwatsu uku. Al'umma ita ke kawo tambaya, masana'antu su kawo kaya da hanyar yawaita abin da aka ƙirƙiro, jami'a kuma ta kawo ilimi da lokacin gwaji. In aka zare dutse ɗaya, tukunya ta kife. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni ya dage da lissafi da kimiyyar fiziks da zanen fasaha, ya kuma koyi sauraron mutane.

Aikin Aji

1. A sami ma'aunin zafi guda biyu, a ajiye ɗaya a ɗakin ƙasa mai rufin soro, ɗaya a ɗakin bulo mai rufin kwano. A rubuta abin da suka nuna da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har kwana 5. A zana jadawali, a bayyana dalilin bambancin.

2. Ɗalibai su kasu huɗu-huɗu. Kowace ƙungiya ta zauna da mai sana'a ɗaya, kamar mai tuyar ƙosai ko mai faci, ta tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala a wurin aikinsa, ta zana mafita, ta je wurin kafinta ko mai walda ta ji farashi, sa'annan ta koma wa mai sana'ar da zanen don jin ra'ayinsa.

3. A lissafa abubuwa uku da masana'antu ko masu sana'ar garinku ke zubarwa, kamar ɓuntun shinkafa ko garin katako, a tattauna abin da za a iya yi da su da kuma haɗarin da ke cikin kowanne.